Goron ɗan lampo ya fi lampo tsada

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin ƴan bidarmu, tun daga Ajame ta Abijan har Dantokpa ta Kwatano, mu kuma da ke gida muna jin ta muna gyaɗa kai kamar wata hikimar tsofaffi: "Wayo shi na zaman ƙasar mutane. In ɗan lampo ya taho, ka damƙa mai goro nai ya wuce." Ni dai na ce ƙarya ne. Wannan wayon yana cin dukiyar ƴan Nijar a waje kamar yadda gara ke cin rumbu, a hankali, ba ƙara, sai ranar da aka jingina a ga ya rufta. Lokaci ya yi da za mu daina yaba shi.

Da ku nake, ƴan'uwana ɗalibai, don abin ya shafe mu kafin kowa. Ku shiga aji ɗaya a jami'ar Tawa, ko ta Maraɗi, ko ta Damagaram, ku ce duk wanda kuɗin rajistarsa da hayar ɗakinsa daga Abijan, Lome, Kumasi ko Legas suke zuwa ya ɗaga hannu. Za ku ga hannuwa. Ranar da aka garƙame shagon yaya, karatun ƙane ne ke tsayawa. Kuma mu ne ake turo wa hoton takarda a WhatsApp a ce, "kai da ka yi lakwal, duba muna mi anka rubuta nan." To tunda mu ne masu karantawa, sai mu san abin da za mu faɗa.

Na san inda tsoron ya samo tushe. Kalmar lampo kanta gadon Nasara ce. Zamanin mulkin mallaka Faransa ta ɗora kuɗin kai a kan talakawa, daga baya ta ce da kuɗinta za a biya, ba ta karɓar gero ko akuya. Damina ta yi kyau ko ta ƙi, gardi na bakin ƙofar mai gari. Neman kuɗin lampo na cikin abin da ya tura kakanninmu Gwalkwas da Kano da ƙafa, wasu garuruwan ma suka kwashe dare ɗaya suka tsallaka ƙasar Ingilishi. A lokacin, gudun lampo kare mutunci ne, kuma ba na ganin laifin kowa. Sai zamanin Seyni Kountché aka soke wannan kuɗin kai a Nijar, amma ba a soke tsoron da ya bari a zukata ba. Shi muka ɗauka a jaka muka tafi da shi bida. Sai dai akwai bambanci babba: kakanmu Nasara ne ya iske shi a gonarsa da bindiga. Yayanmu da ke Ajame shi ya hau mota da ƙafarsa, ya je ya roƙi wuri a kasuwar mutane. Wanda aka ci da yaƙi da wanda ya zo baƙunci ba hukuncinsu ɗaya ba.

Mu yi lissafi, tunda ɗan kasuwa lissafi yake ji. Mu ɗauka mai tebur yana ba ɗan lampo jika ɗaya kowane mako don ya kau da kai. A shekara jika 52 ke nan. In aka canza ma'aikaci, sabon zai yanka nasa farashi. In ɗan sandan meri ya lura ba ka da takarda, shi ma ya samu gona. Shekara goma kana biya, ka zuba fiye da rabin miliyon, kuma ba ka da ko ƙyallen takarda da ke nuna ka taɓa zama a wurin. Lampo na gaskiya yana da adadi a rubuce, yana da lokacin biya, yana da resi, kuma in an yi maka ƙari akwai biron da za ka kai kuka. Goro ba ya da ko ɗaya. Wanda ka ba goro jiya, shi ne gobe zai rako masu rufe shago, yana kallon ƙasa kamar bai taɓa ganin ka ba. An gudu ba a tsira ba.

Wani abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne tiken kasuwa. Suna cewa, "ai kullum muna yankan tike." Tike kuɗin wurin da ka kafa teburinka ne a wannan rana. Bai zama patanti ba, bai sa sunanka a rajistar masu biyan haraji ba. A Kodebuwa, tun gyaran dokar 2021, ƙaramin ɗan kasuwa da cinikinsa na shekara bai wuce miliyon 5 na CFA ba, meri yake biya wa harajinsa. Daga miliyon 5 zuwa 50 kuma gwamnatin ƙasa yake biya wa. A Gana akwai tambarin haraji na masu ƙananan sana'o'i da ake saya duk wata uku. Kowace ƙasa tana da lambar mai biyan haraji: NIF a nan gida, IFU a Benin, TIN a Najeriya. Waɗannan ƙofofin an yi su ne don irin mutanenmu, masu shayi, masu gasa nama, masu albasa, masu garba, abincin nan na Abijan da ake cewa sunan ɗan Nijar ya bi shi. Mun ba garin sunan abinci, amma mun kasa ba shi sunanmu a rajista.

Yanzu ga hujjar farko da za a jefe ni da ita: "Ni baƙo na, ba ƙasata ta ba. Mi ya kai ni gina ƙasar wani?" Amsa ita ce, a kusan duk duniya haraji ba ya tambayar fasfo, mazauni yake tambaya, da inda kuɗin suka fito. Inda gidanka yake, inda sana'arka take, can ake bin ka. Gana da Najeriya suna ƙidayar kwana ne: in ka yi kwana 183 cikin wata goma sha biyu, ka zama mazauni a idon masu haraji, ko da kullum zuciyarka na Bouza ko Illela. Ƙasashe biyu ne aka sani da bin ƴaƴansu da haraji duk inda suke a duniya: Amurka, wadda Ba'amurken da ke zaune a Yamai ma sai ya cika mata takardar haraji kowace shekara, da Eritiriya mai karɓar kashi 2 cikin ɗari daga ƴan ƙasarta na waje. Nijar ba ta yin haka. Wato ɗan bidan da ya kauce wa lampo a Abijan, ba wai ya ajiye shi ne don ya biya a gida ba. Bai biya can ba, bai biya nan ba, amma matarsa ta haihu a asibitin can, ɗansa na lakwal ɗin can, kayansa na bin kwaltar can.

Abin dariya ma, mai cewa ba zai gina ƙasar wani ba, yana gina ta kullum bai sani ba. TVA a Kodebuwa, Togo da Benin kashi 18 ce cikin ɗari, a nan gida 19, a Najeriya 7.5. In ka sayi kayan da TVA ta hau kansu na CFA 11,800 a Abijan, 1,800 na gwamnati ne, ko kana so ko ba ka so. Ƴan'uwanmu da ke Saudiyya, inda ba a cire haraji a albashi, sun ga TVA ta tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020, ga kuma kuɗin wata-wata da aka ɗora wa baƙi a kan kowane mutum na iyalinsu tun 2017. Ba inda baƙo ke zama kyauta. Harajin da ba ya ɗauke da sunanka kana biyan sa dole. Wanda zai ɗauki sunanka, ya zame maka shaida, shi kaɗai ka zaɓa ka guje wa. In wannan ne wayo, to Allah ya raba mu da shi.

Don resi shaida ce, kuma baƙo ba ya da makamin da ya fi shaida. Ku tambayi waɗanda ke Faransa. Har marasa takardar zama suna zuwa su cika takardar haraji, don takardar da biron haraji ke aiko musu tana cikin abin da ake nunawa a tabbatar da shekarun da mutum ya yi a ƙasar, kuma mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kawo takardun harajinsa na shekara uku. A Amurka, tun 1996 hukumar haraji ke ba waɗanda ba su da lambar ma'aikata wata lamba ta daban don su biya. Ƴan Nijar na Greensboro da New York sun san ta. Waɗannan mutane ba son gwamnati ya yi musu yawa ba. Sun gane ne cewa wanda ba ya cikin takarda, a idon hukuma bai taɓa zuwa ba. Haka abin yake kusa da mu. A Janairun 2013 gobara ta cinye babbar kasuwar Lome da ta Kara. A 2024 hukumar Abijan ta rushe unguwanni kamar Gesco da Boribana, ta kuma hana talla a manyan tituna. Duk ranar da irin wannan ta faɗo, in za a ƙidaya waɗanda abin ya shafa ko a raba sabbin rumfuna, takarda ake fara tambaya. Mai resi yana da bakin magana, ko da ba a ba shi duka ba. Mai goro sai ya tsaya bayan layi yana rantsuwa da Allah cewa shekararsa goma sha biyar a wurin. Banki ma haka: ba ya ba da bashi a kan rantsuwa. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsufa a kan tebur ɗaya, ɗan wata ƙasa da ya zo bayansa ya buɗe shago uku.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: "Ko ka biya, in sunka tashi kora, kora za su yi." Gaskiya ne an kore mu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Gana. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, mutum wajen miliyon 2 suka bar Najeriya, da ƴan Nijar a ciki. Dattawan Adar har yanzu suna ba da labarin waɗanda suka dawo da tabarma da buta kawai. Amma ku dubi lafazin umurnin biyu: duka a kan marasa takardar izini aka ɗora su. Ban ce resin lampo laya ce da ke hana kora ba. In siyasa ta haukace tana haɗawa da mai gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, kowace gwamnati da ke son korar baƙi tana fara neman hujja, kuma hujjar da ta fi saurin shiga kunnen ɗan ƙasa ita ce, "suna cin arzikinmu, ba sa biyan komai." Duk ɗan Nijar da ya ba da goro maimakon lampo, ya ara musu wannan sandar da hannunsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa ba ta iya hana rana fitowa, amma ba ita ya kamata ta kira ta ba.

Kuma ku lura da lokacin da muke ciki. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ita ce ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina sun fita daga ƙungiyar, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. CEDEAO ta ce a ci gaba da mutunta takardunmu da zirga-zirgarmu har sai an ji sabuwar sanarwa. Wannan alfarma ce, kuma mai ba da alfarma yana iya janye ta da safe ɗaya. Kodebuwa ta taɓa ɗora wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, sai a 2007 aka ɗauke wa ƴan CEDEAO shi. Abin da aka taɓa yi, ba wuya a sake. Ko mutum na goyon bayan fitar ko ba ya yi, abu ɗaya ne: inuwar da ƴan bidarmu ke fakewa ta ragu, kuma wanda gemun maƙwabcinsa ya taɓa kama wuta ya san amfanin ruwa.

Hujja ta uku: "Kuɗin ai sace su ake yi." Wasu ana sacewa, can da nan. To amma goron da ka ba ɗan lampo ina ya tafi? Na lampo ko an ci rabi, rabi ya isa baitulmali. Na goro duka aljihu ya shiga. Mai kukan sata da ke ciyar da ɓarawo kowane mako, da wane baki zai yi kukan? Wasu kuma addini suke jawowa, su ce zakka kaɗai Allah ya wajabta. Zakka haƙƙin Allah ce da mabuƙata, ba wanda ya ce a bar ta. Sai dai wanda ya shiga ƙasar mutane da amana, ya karɓi wuri a kasuwarsu bisa sharaɗinsu, alkawari ya ɗauka. In ana neman abin da malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba a wannan ciniki, cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa. Ban ga yadda mutum zai guje wa abin da ake taƙaddama a kai ya faɗa wa wanda ba taƙaddama, sannan ya ce tsoron Allah ne ba.

Mu kuma ɗalibai mu tuna bakinmu. A 2013 da 2014, lokacin da ake sabunta yarjejeniya da Areva, ƙungiyoyin farar hula sun cika titi suna cewa baƙon da ke haƙar uraniyom a Arlit ya bi dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga kason ƙasa daga kashi 5.5 zuwa 12 cikin ɗari. Mun ce baƙo ya biya abin da dokar mai gida ta ce. Na san mai shayi ba Areva ba ne, kuma abin da yake ɓoyewa ko ƙurar nasu bai kai ba. Amma ƙa'idar ɗaya ce. Ba za mu riƙe ta a Arlit mu sake ta a Ajame ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hangi na wani.

Ban ce duk dokokin da ake yi wa baƙi adalci ne ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa ƴan ƙasa talla da sayarwa a cikin kasuwa, ta ce baƙon da ke son kafa kamfanin saye da sayarwa ya kawo dalar Amurka miliyon ɗaya, ya ɗauki ƴan Gana ƙwararru 20 aiki. Wane mai albasa ke da wannan? A 2019 da 2020 an rufe shagunan baƙi da dama a Akara da Kumasi a kan haka. Irin wannan doka ita ke tura mutum ya sa shagonsa da sunan ɗan gari, ranar da suka ɓata kuma ɗan garin ya riƙe makulli, kotu ta ce nasa ne. Dokar ta cancanci a yaƙe ta. Amma gwamnati da gwamnati ke wannan yaƙi, kuma jakadan da ya shiga zaure da tarin resin mutanensa a hannu ya fi wanda ya shiga da roƙo ƙarfin murya.

A nan ne zan juyo kan namu hukumomi, don ba ɗan bida kaɗai ke da laifi ba. Mun kira ƴan Nijar na waje jiha ta tara, mun ware musu kujeru 5 cikin 171 a majalisar da ta gabata, muna da babbar majalisar ƴan Nijar mazauna waje. Da aka buɗe asusun tallafin ceton ƙasa a Oktoban 2023, an tuna da su, kuma sun bayar. To su me aka ba su? Tun 2008 UEMOA, wadda har yanzu muke cikinta da Kodebuwa, Benin, Togo, Senegal da sauransu, take da dokar hana karɓar haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Ɗan kasuwar da ke da shago a Lome da wani a Maraɗi yana da haƙƙi a ƙarƙashinta. Wa ya taɓa bayyana masa ita da Hausa ko Zabarmanci? A Disamban 2023 Nijar da Mali sun sanar da soke yarjejeniyar harajinsu da Faransa. Tamu tun 1965 take. Gwamnati ta ba da dalilinta, cewa yarjejeniyar ta karkata gefe ɗaya. Na ji. Amma ɗan Nijar da ke aiki a Faransa yana da gidan haya a Yamai, wanda yanzu ƙasashen biyu ke iya bi a kan kuɗi ɗaya, shi ma ya cancanci bayani. Ofishin jakadanci da aikinsa ya tsaya ga sayar da katin ɗan ƙasa mazaunin waje da ɗaukar hoto ranar 18 ga Disamba bai gama aikinsa ba. Takarda ɗaya, shafi biyu, da harshen da mutane ke ji, mai cewa ga harajin da ke kanka a wannan ƙasa, ga biron, ga lokacin biya, ga inda za ka kai ƙara: wannan ba ta buƙatar kuɗin uraniyom.

Kafin su farka, aikin ya dawo kanmu. Masu karatun shari'a da tattalin arziki a cikinmu, dokokin harajin ƙasashen nan suna intanet, kyauta. Mu karanta, mu juya su zuwa Hausa, mu yi saƙon murya na minti uku mu tura wa ƙungiyoyin ƴan garinmu da ke waje, waɗanda suka iya tara kuɗin kai gawa gida da gina masallaci, don haka za su iya tara wa sabon zuwa kuɗin rajista su raka shi biro. Abin da za mu faɗa musu kaɗan ne. Ka yi rajista da sunanka na kan katinka, ba da sunan ɗan gari ba. Kada ka biya ko dala ba resi mai hatimi. Ka ɗauki hoton kowace resi ka turo gida, don gobara da ruwa ba sa sallama. In adadin ya fi ƙarfinka, ka je biro ka nemi a sake dubawa ko a raba maka biya, kada ka sasanta a bayan rumfa.

Za su ce yaro ne ke koya wa babba kasuwa. Mu jure. In yayanka ya kira ranar Juma'a, ka gaishe shi da kyau, ka yi masa godiyar abin da ya aiko, ka tambayi iyali da ciniki. Sannan cikin ladabi ka ce, "Yaya, resin bana fa, ka karɓa?"